SHAYE-SHAYE: GADO NE, KO ZAMA, KO TABON ZUCIYA?

Duk wanda ya yi rangadin makarantun ƙasar Gumel, tun daga cikin gari har Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, ya san maganar da kan taso in an kama yaro da ƙwaya ko wiwi ko kwalbar kodin. Wani ya ce gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wani ya ce a'a, abokai ne, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Daga nan sai a kori yaron, a soke sunansa daga rajista, kowa ya koma harkarsa. Mu dai a ganinmu wannan hukunci ya yi gaggawa, asararsa kuwa kan ƙasa take komawa.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Ƙidayar da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka bayyana ta a 2019, ta nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha kayan maye cikin shekara guda a Nijeriya, ban da giya da taba, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A watan Mayu na 2018 aka hana yin maganin tari mai kodin, aka hana shigo da shi. Doka ta yi nata. Amma doka ba ta gaya mana abin da ya sa yara biyu kan ɗanɗana abu ɗaya, wannan ya tofar, wancan ya kamu. Wannan shi ne abin da ya wajaba malami ya sani.

Maganar gado tana da gaskiya, ba mu musa ba. Masana da suka bi rayuwar tagwaye sun tarar kimanin rabin haɗarin kamuwa daga halitta yake. A 1973 aka bayyana wani bincike na ƙasar Denmak a kan 'ya'yan mashaya giya waɗanda aka ba wasu gidaje riƙonsu tun suna jarirai. Da suka girma, 18 cikin 100 suka zama mashaya, alhali cikin sauran 'yan riƙo 5 ne kawai. To, amma a juya lissafin a gani: fiye da 80 cikin 100 ba su kamu ba. Ashe abin da ake gada rauni ne, ba hukunci ba. Wanda ya ce wa yaro "haka gidanku suke" ya yanke masa ƙauna ba bisa hujja ba.

Sa'an nan zama. Lokacin yaƙin Biyetnam, wajen ɗaya cikin biyar na sojan Amurka ya kamu da heroyin. Malama Lee Robins ta bi waɗanda suka koma gida a 1971, ta tarar cikin shekarar farko kimanin 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake faɗawa. Jininsu bai sake ba. Wuri ne ya sake, da abokai, da sauƙin samun abin. Mu dawo gida. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis albarka ce ga ƙasar nan, dabbobi na shigowa daga Nijar, fatake na zuwa har daga Kudu. Amma yaron da ya bar aji ya tafi dako ko lodin shanu tun asuba, in aka miƙa masa taramol aka ce maganin gajiya ne, ba don shagali ya karɓa ba. Jiki kuwa yakan saba, har in ya rasa sai ciwon gaɓoɓi da gumi da rashin barci su kore shi ya koma nema.

Na ukun shi ne wanda muka fi kauda kai daga gare shi, watau tabon zuciya. A 1998 likitocin Amurka suka bayyana abin da suka ji daga mutum fiye da 9,000 game da ƙuruciyarsu: duka, da cin zarafi, da ganin ana dukan uwa, da zama gidan mashayi. Waɗanda iri huɗu ko fiye na waɗannan masifu suka sama, shan giyarsu har ya zama ciwo ya ninka na waɗanda ko ɗaya bai same su ba wajen sau bakwai. Kowane malami ya san irin waɗannan yara: wanda aure ya mutu aka bar shi hannun da ba ya ƙaunarsa, da yarinyar da aka zalunta aka ce ta yi shiru don kada a ji. Irin wannan ba daɗi yake nema cikin kwalba ba, barci yake nema. Shi ya sa mari da bulala ba su warkar da shi. Abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Kaduna da Daura a 2019, mutane ɗaure jikinsu duk tabo, ya isa ishara. Ba a kashe wuta da wuta.

Sabo da haka ga shawararmu. Gado ba ya hannunmu, amma sauran biyun suna hannunmu. Malami ya lura da yaron da ya fara fashi ranar kasuwa, ko ya riƙa gyangyaɗi a aji, ya kira shi keɓe ya tambaye shi lafiyar gida kafin ya ɗauki bulala. Shugaban makaranta kada ya sa kora ta zama matakin farko, gama wanda aka kora tasha za shi, can kuwa malamansa na jira. Kwalejin Horon Malamai ta Gumel ta koya wa ɗalibanta gane alamun yaro mai damuwa kamar yadda take koya musu shirya darasi. Akawuna da masu unguwa da dagatai su kai ƙarar mai sayarwa ga Hukumar NDLEA, shi kuwa wanda ya kamu a kai shi ga likita, a rufa masa asiri.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu mai tausayi, in ba haka ba karyewa zai yi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.