SHARHINMU: Ilmin Ƙwaƙwalwa Da Neman Tallafin Bincike

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Da wuya ka shiga unguwa a ƙasarmu ba ka tarar da mai farfaɗiya ba, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda sanƙarau ya kurmantar tun annobar 1996. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali. Waɗannan duka cututtuka ne da ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Abin takaici, inda cutar ta fi yawa nan ne masu bincikenta suka fi ƙaranci, domin kuwa bincike ba ya yiwuwa sai da kayan aiki da shekaru da kuɗi.

A Amurka, hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wato NIH, ta taɓa ware wani tallafi mai suna D-SPAN domin ɗaliban digirin dokta daga al'ummomin da ba su da yawa a wannan fanni, irin su baƙaƙen fata da naƙasassu da 'ya'yan talakawa. Ana ɗaukar nauyin ɗalibi har shekara biyu ya kammala digirinsa, sannan har shekara huɗu yana ƙara ƙwarewa. 'Yan ƙasar ne kaɗai da masu iznin zaman dindindin ke cin moriyarsa. A 2025 sabuwar gwamnati ta juya wa irin waɗannan shirye-shirye baya, aka dakatar da su, ɗalibai da dama suka wayi gari karatunsu na tangal-tangal.

To, mu a nan akwai darasi biyu.

Na farko, ƙofar da ke buɗe yau a shige ta yau. Ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, IBRO, wadda aka kafa a 1961, tana shirya wa ɗaliban Afirka kwasa-kwasai, tana ba su guzurin halartar taruka da zama a ɗakunan binciken wasu ƙasashe. Akwai ƙungiyar masana fannin ta Afirka, SONA, da ƙungiyar TReND mai horar da matasa da samar da kayan aiki. Kusa da mu kuma, a 2021 Dokta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Saboda haka ɗalibinmu ba shi da hanzarin cewa bai san hanya ba.

Amma ya sani neman tallafi shi ma ilmi ne. Ya karanta sharuɗɗa da kyau kafin ya ɗauki alƙalami. Ya tsayar da tambaya guda wadda zai iya amsawa da kayan da ke gabansa. Ya nemi wasiƙar malaminsa tun da sauran lokaci, ya fayyace inda kowane kwabo zai tafi. Kada ya kwafi aikin wani, kada ya ƙara wa kansa abin da bai yi ba, domin wannan ha'inci ne, kuma yana toshe ƙofa ga na bayansa. In an ƙi shi, ya gyara ya sake nema.

Na biyu, mai kwana da tabarmar aro a ƙasa yake kwana. Abin da ya faru a Amurka ya nuna cewa tallafin da siyasa ta kawo, siyasa na iya janye shi. Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohinmu da asusun TETFund da su ba wannan fanni kulawa, mawadatanmu kuma su kafa waƙafi domin ɗaliban bincike, musamman 'yan mata da 'ya'yan marasa hali. Malaman jami'a su zauna da ɗalibansu su duba musu takardun neman kafin a aika.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya yi wa ɗalibanmu jagora. Wassalam.