Rubutun Aiki: Darasin da Sassan Hausa Ke Buƙatar Ɗauka

A jami'o'i da kwalejoji da dama na Amurka akwai kwas da ake kira rubutun fasaha da na aiki, wanda ake koya wa ɗaliban injiniya da kiwon lafiya da harkokin kasuwanci. A cikinsa ɗalibi yake koyon rubuta rahoto, da takardar sanarwa ta ofis, da bayanin yadda ake sarrafa na'ura, da takardar neman tallafi. Wanda ya dubi manhajar sama-sama zai zaci ƙa'idojin tsara takarda kawai ake koyarwa. Alhali babban darasin kwas ɗin shi ne cewa irin wannan rubutu ana yin sa ne domin mutumin da zai yanke hukunci ko ya aikata wani abu bayan ya karanta. Idan ya karanta bai gane abin da ake so ya yi ba, rubutun ya gaza, komai daɗin kalmominsa.

Misalin da malaman wannan fanni suka fi kafa hujja da shi shi ne na kumbon Challenger. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa daga Fulorida, mutum bakwai da ke cikinsa suka rasu, ciki har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Bincike ya gano cewa wani zoben roba da ke toshe mahaɗar ɗaya daga cikin rokokin da ke cilla kumbon ne ya sandare saboda sanyi, iskar gas mai zafi ta sami kafar fita. Abin takaicin shi ne injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin, sun san da wannan matsala. Ɗaya daga cikinsu, Roger Boisjoly, ya rubuta wa shugabanninsa takardar gargaɗi tun watan Yuli 1985.

A daren jajiberin harbawar, injiniyoyin sun aika wa jami'an hukumar NASA jadawalai 13, suka ba da shawarar kada a harba idan zafin zoben bai kai kimanin digiri 12 a ma'aunin Salshiyas ba. Washegari da safe zafin iska bai wuce kimanin digiri 2 ba, amma aka harba. Masanin tsara bayanai Edward Tufte ya nazarci jadawalan a littafinsa na 1997, ya nuna cewa babu ɗaya daga cikinsu da ya jera yanayin sanyin tafiye-tafiyen baya kusa da irin lahanin da zoben ya samu a kowace tafiya, yadda mai karatu zai ga dangantakar da ido. A watan Fabrairu 1986 kuwa, yayin zaman kwamitin bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya tsoma guntun robar a ruwan ƙanƙara a gaban jama'a, kowa ya ga yadda ta kasa komawa siffarta. Gani ya kori ji.

Adalci ne a faɗa cewa ba rubutu kaɗai ya jawo wannan asara ba. Takardar Boisjoly ta fito fili, kuma shugabannin kamfanin ne suka janye shawarar injiniyoyinsu bayan jami'an hukumar sun nuna rashin gamsuwa. Kyakkyawan rubutu ba ya tilasta wa shugaba yin daidai. Abin da yake yi shi ne toshe masa kafar cewa bai gane ba. Wannan shi ne iyakar nauyin da ke kan marubuci, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne.

Wani zai ce wannan labarin injiniyoyin Amurka ne, ina ruwan sashen Hausa da shi? Amsar ita ce duk inda rubutu ya shiga tsakanin mai sani da mai aikatawa, haɗarin iri ɗaya ne. A yau da Hausa ake fassara sanarwar allurar rigakafi, da gargaɗin ambaliya, da bayanin maganin feshi na gona, da saƙonnin banki. Waɗanda suka kammala karatu a sassan Hausa su ne galibi ake miƙa wa wannan aiki a gidajen rediyo da ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji. An horar da su a kan nahawu da adabi da al'ada da fassara, amma ba kasafai ake zaunar da su a tambaye su wane ne zai karanta abin da suka rubuta, da kuma abin da zai yi da shi ba.

Darasi na farko da za a ɗauko shi ne gabatar da muhimmin saƙo. Wasiƙar Bahaushe tana farawa da gaisuwa da fatan alheri, sai can ƙasa a zo ga buƙata, kuma wannan ladabi ne mai kyau a muhallinsa. Amma takardar da ke gargaɗin cewa ruwan wata rijiya ya gurɓata, layinta na farko ya kamata ya ce kada a sha, dalili ya biyo baya.

Na biyu shi ne bayyana mai aikatawa. Hausa tana da lamirin da ke ɓoye mai aiki, kamar a cikin "an duba" ko "za a gyara". Yana da amfani wajen kara da sakaya zance, amma a rahoton taro yakan zama mafakar sakaci. Jumlar da ta ce za a gyara famfon ba ta ɗora wa kowa nauyi ba. Wadda ta ambaci jami'in da zai gyara da ranar da zai gama ita ce za a iya tuhumar wani da ita.

Na uku shi ne tantance ma'auni da tsayawa kan kalma ɗaya. Mai fassarar da ya rubuta a ba yaro cokali ɗaya na magani ya bar uwa cikin ruɗu, domin cokalin shayi mililita 5 ne a ma'aunin magani, babban cokali kuwa 15, wato ninki uku. Haka kuma, a adabi sauya kalma ado ne, amma a bayanin na'ura idan aka kira abu maɓalli a shafi na ɗaya aka kira shi makunni a shafi na biyu, mai karatu zai nemi abubuwa biyu.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne gwaji. A irin waɗannan kwasa-kwasai akan sa ɗalibi ya miƙa bayanin da ya rubuta ga wanda bai san aikin ba, ya koma gefe ya yi shiru yana kallo. Duk inda mai karatu ya tsaya yana inda-inda, nan ne kuskuren yake. Ɗalibin Hausa yana da dandalin gwaji a ƙofar gidansu: manomi, da ungozoma, da bakanike.

Kayan aikin ma ba daga tushe za a fara neman su ba. Akwai littafin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, akwai kuma daidaitacciyar ƙa'idar rubutu da aka daɗe ana aiki da ita. Abin da ya rage shi ne sassan Hausa su ware kwas na zango guda, tare da haɗin gwiwar tsangayoyin likitanci da aikin gona da injiniya, inda za a auna ɗalibi da abin da mai karatunsa ya iya aikatawa. Hausawa na cewa idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai dai kunne ba ya jin abin da ba a faɗa masa dalla-dalla ba, kuma wannan faɗar sana'a ce da ake koyo.