Kumburin tsakiyar galaksi daga cikin gida ya samo asali

An daɗe ana koyar da cewa kumburin da ke tsakiyar galaksi mai siffar faifai, wato dandazon taurari irin wanda ranarmu take ciki, ragowar karo ne. Wai ƙananan galaksi ne suka yi ta cin karo tun farkon zamani har suka bar dunƙulen tsofaffin taurari, daga baya faifan ya kewaye shi. A ganina lokaci ya yi da za a daina sa wannan bayani a gaba, domin siffar kumburin kanta ta ƙaryata shi a wurare da yawa. Dunƙulen da karo ya haifa a mulmule yake fitowa. Amma idan aka hangi galaksi ta gefe, sau da yawa sai a tarar tsakiyarta na da kusurwa huɗu, ko ta tsuke a ƙugu ta kumbura nan da can kamar gyaɗa mai ƙwaya biyu a kwansonta. Binciken Lütticke da abokan aikinsa na shekarar 2000 ya samu haka a wajen kashi 45 cikin ɗari na galaksin da suka duba ta gefe. Tun 1981 kuwa Françoise Combes da Robert Sanders suka nuna da lissafin kwamfuta cewa idan taurarin faifai suka jeru suka zama sanda a tsakiya, sandar kan yi kauri sama da ƙasa har ta ba da wannan siffa.

Masu ja suna da hujja mai nauyi: kwamfuta ba sararin sama ba ce, kuma galaksi ɗaya ba ta nuna mana fuska biyu. Ta gefe ba a ganin sandar, ta sama ba a ganin kaurin. To, an bi ta wata hanya. A 1995 Konrad Kuijken da Michael Merrifield sun auna gudun iskar gas a galaksi biyu, NGC 5746 da NGC 5965, dukansu masu irin wannan kumburi, suka ga alamar juyawar da sanda ke haddasawa. Sai kuma tamu galaksin: a 2010 ƙungiyoyi biyu na masana sun gano cewa wasu jajayen taurari masu haske kusan iri ɗaya sun rabu gida biyu a kumburin, wasu kusa da mu, wasu nesa. A 2016 Melissa Ness da Dustin Lang suka fito da hoton kumburin daga bayanan tauraron ɗan'adam na WISE, ga siffar X ƙarara.

Akwai masu cewa tsufan taurarin wurin ya isa shaidar tsohon karo. Bai isa ba, domin sanda na iya ɗaga tsofaffin taurarin da tun asali a faifai suke. Gaskiya ne wasu galaksi, irin su Andromeda, sun haɗa duka biyun. Amma game da tamu, hujjoji sun rinjaya cewa mafi yawan kumburin daga faifanta ya fito, kuma haka ya kamata malaman kimiyya su riƙa faɗa wa ɗalibai.