Gurmin da Aka Tsayar a Ƙofar Coci

Wata Lahadi, a wata ƙaramar majami'a da 'yan'uwanmu masu jin Hausa ke taruwa a Adjamé, wani saurayi ɗan ƙasar Maradi ya zo da gurmi da sabuwar waƙar yabo da ya tsara. Wani dattijo ya tare shi a ƙofa, ya ce: "Ɗana, ajiye wannan abin a waje, nan ɗakin Ubangiji ne." Yaron ya ce, "To, Baba," ya juya. Wata uku ke nan ban sake ganinsa ba. A ranar kuwa, jita da gangunan Turawa sun yi ta tsinka mana kunne ta lasifika.

Na ce an yi kuskure, kuma ba zan janye ba.

Hujjar dattawanmu na san ta. Sun ce kayan kiɗa masu tsirkiya na gida, musamman garaya da goge, da su ake kiran bori. Gaskiya ne. To, jitar fa? Wanda ya ratsa Treichville daren Asabar ya san a waɗanne mashaya take kwana. Idan Lahadi ta iya tsarkake jita, me ya hana ta tsarkake ƙwarya da fata? Zabura ta 150 ta jera ƙaho da ganga da masu tsirkiya da na busawa, ba ta tambayi ƙasar da aka ƙera su ba.

Aikina magana ce a rediyo, saboda haka kunnena ya san nauyin murya. Hausa harshe ne mai karin sauti. Da hawa da saukar murya ake bambanta wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar rayuwa, ko kukan ido da kukar miya. Yawancin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce da aka ɗora kan karin Ingila da Amurka. Karin yakan ja gajeren wasali, ya ɗaga inda harshe ya sauke, har baƙo ya tsaya a taga yana tambaya wane yare ake yi. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma waƙarmu har yau da rigar aro take zuwa sujada.

Mu dubi masu masaukinmu. A 1913 William Wadé Harris, mutumin Laberiya, ya shigo gaɓar tekun ƙasar nan da farar riga, da gicciyen gora, da caki na duma. Ya bar mutane su yabi Allah da karin waƙoƙinsu na gado, kuma har yau da caki mabiyansa ke sujada a Abidjan. Cocin Katolika ma, a babban taronta na Batikan, ta amince a 1963 a ba kiɗan kowace al'umma gurbi a ibada. Can gida kuma, 'yan Zumuntar Mata sun daɗe suna buga tulu, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa. Ku lura da lokacin da coci ke motsi da gaske: sai sun tashi.

Ban ce a jefar da Littafin Waƙoƙi ba. Da shi aka ɗaura auren iyayenmu, da shi muka raka wasunsu kabari. Abin da nake nema kaɗan ne: kowace Lahadi a ba sabuwar waƙa ɗaya wuri, wadda ɗanmu ya tsara da karin Hausa da kayan kiɗan gida. Fasto ya duba kalmominta tun ranar Asabar, in akwai gyara a yi. Wannan shi ne aikin dattijo, ba gadin ƙofa ba.

'Ya'yanmu da aka haifa a nan Faransanci da Jula suke yi a kasuwa da makaranta. Idan Hausar da suke ji a coci karyayya ce, da me za mu riƙe su?

Baba, a aika a kira yaron nan. A ce masa ya zo da gurminsa.