Kofunan Azurfa na Sikandinabiya da Gubar da Maƙeransu Suka Shaƙa

A gidajen adana kayan tarihi na ƙasashen Danmak da Norwe da Suwidin akwai manyan kofuna na azurfa masu murfi da mariƙi, waɗanda aka ƙera a ƙarni na 17 da na 18 domin shan giya a wajen biki. Da yawansu suna tsaye a kan ƙafafu uku masu siffar 'ya'yan rumman ko zaki dafe da ƙwallo. A cikin wasu har an jera 'yan ƙusoshi daga sama zuwa ƙasa, don kowane mashayi ya san inda rabonsa ya tsaya kafin ya miƙa wa na kusa da shi.

Samun azurfar bai yi wuya ba, domin an gano ta a Kongsberg ta ƙasar Norwe a 1623, aka kuwa shafe fiye da shekara 300 ana haƙa. Hukuma kuma ba ta yi sake da ingancinta ba. Tun 1608 ake buga hatimin hasumiya uku a kan azurfar birnin Kwapanhegan, Suwidin kuwa ta kafa dokar hatimin kambi uku a 1752. Maƙeri ma yakan buga haruffan sunansa.

Sai dai duk hatiman nan lafiyar ƙarfe suke tabbatarwa, babu wanda ya shafi lafiyar maƙeri. Da yawa daga cikin kofunan akan shafe cikinsu da zinariya, kuma hanyar yin haka a wancan zamani ita ce a narkar da zinariya cikin zaiba, a shafa haɗin a jikin azurfa, sannan a gasa a wuta. Zaiba tana tafasa a ma'aunin zafi 357, sai ta tashi ta bar zinariya manne. Ina take zuwa? Hancin mai aikin. Tururinta ba shi da launi balle wari, kuma huhu kan tsotse kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa da ƙoda. Daga nan sai makyarkyatar hannu, kumburin dasashi, zubar haƙora, mantuwa da saurin fushi. Maƙerin da hannunsa ke rawa kuwa sana'arsa ta ƙare. Sai bayan 1840, da aka fito da hanyar shafen zinariya da lantarki a Ingila, wannan aiki ya soma ja da baya.

Saboda haka bai kamata malamin kimiyya ya ɗauki kofunan nan kayan kallo kawai ba. Darasi ne na ilimin halittu, kuma bai tsufa ba, domin masu haƙar zinariya da hannu a Zamfara da sauran sassan Afirka ta Yamma suna kama zinariya da zaiba su ƙone ta a fili, wani lokaci a tsakar gida kusa da yara. An ƙulla Yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da zaiba a duniya, amma takarda ba ta isa bakin rami. Ɗalibin sakandare da ya fahimci inda tururin ke zuwa shi zai iya bayyana wa mahaifinsa amfanin rufaffiyar tukunyar ƙona haɗin, wadda ke sanyaya tururin ya koma ruwan zaiba a sake aiki da shi.