GIDA DA IYALI: Farin Rufi Don Zafin Bazara

 Hunturu ya yi sallama, bazara tana bakin ƙofa. Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a ƙasar Katsina yakan wuce digiri 40 a ma'aunin zafi. A wannan wata muna so mu yi magana a kan rufin ɗaki da rufin mota.

Wanda ya bi hanyar Batsari da Safana, ya ratsa ƙauyuka irin su Yasore, zai ga yadda kwano ya kori jinka da soro. Ba mu ga laifin kowa ba. Kwano ba ya bukatar yaɓe kowace shekara, gara ba ta cinsa, gobara kuma ba ta kama shi kamar ciyawa. Amma kowane allazi da nasa amanu. Iyayenmu sun yi soro da azara da ƙasa mai kauri, suka shafe shi da makuba. Zafi yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa irin wannan rufi. Kwano kuwa siriri ne, da rana ta taɓa shi sai ya juye zafin a kan mutanen ɗaki.

Abin ya fi tsanani ga iyalan da tashin hankalin yankin dajin Rugu ya raba da gidajensu a shekarun nan. Da yawa suna zaune a garin Batsari da birnin Katsina, mutum takwas ko goma a ɗaki guda na kwano, babu silin, babu inuwar itace. Jarirai da tsofaffi da masu juna biyu su ne zafi ya fi yi wa lahani.

Ku gwada wannan a gida. Ku sami gutsuren kwano biyu, ku shafa wa ɗaya farin fenti, ku bar ɗayan da tsatsarsa. Ku shanya su a rana, bayan sa'a guda ku taɓa. Mun gwada, mai tsatsar bai taɓu ba, farin kuwa muka ɗauke shi da hannu. Dalili shi ne, abu mai duhu yana shanye kusan dukan hasken da ya sauka a kansa, ya mai da shi zafi. Sabon farin fenti kuwa yana mayar da wajen kashi 70 ko 80 cikin 100 zuwa sama. Abin da ya sa farar riga ta fi baƙa daɗin sawa da rana ke nan.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Tsofaffinmu sun tuna motocin Land Rover na zamanin da. Wasunsu suna da rufi biyu, na saman mai hasken launi, da ɗan fili a tsakani inda iska take ratsawa. A Turai da Amurka akwai masu motoci da aka shirya su kamar ɗaki, da gado da wurin dafa abinci, su ma sukan shafa wa rufin fari don su iya barci a ciki. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, zafin watan Mayu na 2010 ya kashe mutum fiye da 1,300. Hukumar birnin ta fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, a 2017 kuma aka shafe rufin gidajen talakawa wajen 3,000 da farin shafi. Masu bincike a can sun ce irin wannan rufi yakan rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. Wani zai ce kaɗan ne. Ga yaro mai zazzaɓi ba kaɗan ba ne.

To, yaya ake yi? Da fari a share rufin, a kankare tsatsa da buroshin waya, a wanke, a bar shi ya bushe sarai. A toshe ramukan ƙusa. Inda tsatsa ta ci, a fara shafa jan fentin nan na hana tsatsa. Sa'an nan a shafa farin fenti na ƙarfe sau biyu, ba da kauri ba, a bar na fari ya bushe kafin na biyu. Sabon kwano fil ba ya riƙe fentin mai sosai, gara wanda ya sha damina ɗaya.

Farar ƙasa ta fi araha, tana da kyau a kan rufin siminti da bango. Amma ruwan sama yana wanke ta, sai an sake kowace shekara, irin mai ƙarfin kuma tana iya cin fatar kwano. Ku tambayi mai shago fentin da babu dalma a ciki, musamman in kuna tarar ruwan indararo don sha. Ba mu manta da yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Tasu daga dutsen zinariya ta fito, amma guba ɗaya ce. Ƙurar hunturu kuma tana dushe fari, saboda haka a wanke rufin kafin bazara.

Maigida, kada ka hau rufi da tsakar rana. Ka hau da sassafe, ka shimfiɗa katako, ka taka inda layin ƙusoshi yake. Kada a aiki yaro wannan aiki.

Haka yake ga mota. Ikkilisiyar da take da bas na fita bishara, ko ɗan'uwan da yake haya zuwa kasuwa, rufin kaɗai ya isa a shafa. In za a sake launin motar duka, sai a fara zuwa ofishin lasisi, gama launin yana rubuce a takardun mota. Fenti kuwa bai hana neman inuwa ba. Mota a rufe cikin rana takan ƙara zafi da wajen digiri 10 cikin minti goma. Kada a bar yaro a ciki, ko da za a sayo gishiri ne a dawo.

Uwargida, ga alamun da za ki lura da su: ciwon kai, jiri, amai, jiki ya yi zafi ƙwarai, mutum ya rikice. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita. In yana cikin hankalinsa a ba shi ruwa kaɗan kaɗan, a garzaya da shi asibiti. Ku karanta 2 Sarakuna sura 4, labarin yaron Shunem wanda ya bi mahaifinsa gona lokacin girbi, ya yi kukan ciwon kai, kafin tsakar rana ta wuce ya rasu. Masana da yawa suna ganin rana ce ta buge shi.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 Allah ya umarci mai sabon gida ya yi wa rufinsa rawani, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan. Ashe Allah ya kula har da rufin ɗakinmu, ya kuma ɗora wa maigida nauyin lafiyar waɗanda suke ƙarƙashinsa.

Mun sani kuɗin fenti ba wasa ba ne. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawan ikkilisiya su zauna da zumuntar mata da matasa, a haɗa kuɗin galan biyu ko uku, a yi gayya. A fara da ɗakin gwauruwa, da na tsoho, da na baƙin da suka yi gudun hijira, ko Kirista ne ko Musulmi. Majami'a ta biyo baya. In babu kuɗin fenti bana, a shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwano, nesa da madafa, a ɗaure da kyau, a sauke kafin damina. A kuma dasa dalbejiya a yammacin ɗaki da ruwan fari.

Waɗanda suka gwada su rubuto mana abin da suka gani. Ubangiji ya kiyaye ku da iyalanku. Sai wata mai zuwa.