Alli suka fara riƙewa

Duk wanda ya tashi zancen Kwalejin Katsina, da Sardauna yake farawa, ya biyo da Tafawa Ɓalewa, sai ka ce don ƙyanƙyasar firimiyoyi aka gina ta. Alhali makarantar horon malamai ce. A 1921 aka kafa ta, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Tun da Baturen nan Ɗan Hausa ya fara makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, rashin masu koyarwa ne ya dabaibaye boko a Arewa. Abin da Turawa ke nema shi ne wanda zai tsaya gaban allo a makarantun larduna.

Kuma malantar suka yi. Sardauna Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koma Sakkwato ya shiga aji. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Daga baya ne kwalejin ta yi ƙaura zuwa Kaduna a 1938, sai Zariya a 1949, inda a ƙarshe ta zama Kwalejin Barewa.

Ban ce Nasara don Allah ya yi ba. Ɗalibai 'yan kaɗan yake tsinta, galibi daga gidajen sarauta da na malamai. Mu a ƙasar Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, rabonmu noman gyaɗa ne da biyan haraji. In dagaci ya zo neman yaran boko ma, rumbu ake tura su su ɓuya. Amma fa wanda ya fito da takardar malanta a wancan zamani, har hakimi sai ya ba shi wurin zama.

Yau a garin Bichi akwai kwalejin ilimi ta tarayya, kowace shekara tana yaye malamai. Tambayi ɗalibanta wa ke son aji, ka ji amsa. Makon jiya na ratsa wata firamare a ƙauyenmu, na tarar da malami ɗaya yana kai-komo tsakanin aji uku. Ana tashi ya hau babur ɗinsa ya nufi bakin titi, acaɓa zai yi kafin la'asar.